Tambayi Likita: ofosum, dabbar da ke yawon bola a Amurka

Tambaya: Likita ina Houston, wata dabba mai kama da burgu tana zuwa kwandon shararmu da daddare, na ganta da 'ya'ya a bayanta. Ɓera ce?

Amsa: Ba ɓera ba ce, ofosum ce, dangin kangaru. Cikinta kwana 12 zuwa 13 ne kacal, sai ta haifi 'ya'ya ƙanana ko wake bai fi su girma ba sosai, su rarrafa su shiga wata jakar fata da ke jikin cikinta ta waje su kama nono, nonon ma guda 13 ne, wanda bai samu ba ya mutu. Sai sun yi wajen wata biyu a jakar sannan su koma bayanta. Ki rufe sharar ki bar ta kawai.

Tambaya: Wai da gaske ta hanci take haihuwa?

Amsa: Camfin mutanen can ne. Mahaifa ma biyu gare ta.

Tambaya: Yarona ya ga wata a kwance kamar ta mutu, ya taɓa ta ta cije shi a yatsa. Wani ya ce min ba ta ɗauke da ciwon haukan kare, in sa masa toka da man birki ya isa.

Amsa: Haba Malam, man birki kuma? Wallahi na gaji da wannan magana, guba ne, naman wurin zai ƙone kuma tokar datti za ta ƙara tura wa ciki. Kwanciyar da ya gani ba mutuwa ba ce, in ta tsorata ne take sanƙarewa baki buɗe yawu na dalala, kuma haƙoranta 50, ba abin wasa ba ne. Gaskiya ne da wuya ta kamu da haukan kare, amma da wuya ba ya nufin ba ya faruwa, ciwon nan kuma in alamunsa suka fito kusan babu mai tashi. Ka wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ka kai shi asibiti yau ɗin nan, su duba ko yana buƙatar allurar tetanos da maganin ƙwayoyin cuta. Sannan ƙumar jikinta na yaɗa zazzaɓin taifus (ba taifot ba) a Texas da Kalifoniya, don haka ko ciwon ya warke, in ka ga zazzaɓi ko ciwon kai ko ƙuraje cikin sati biyu ka mayar da shi, ka gaya musu abin da ya taɓa. Don Allah kar ka jira sai yatsan ya kumbura.