Amsa: Me ya sa Chennai Super Kings ke ajiye baƙin 'yan wasa a benci?

Kana tambaya wai don me Chennai Super Kings za ta sayi ɗan wasan waje da kuɗi masu yawa a gwanjon IPL, gasar kurket ta Indiya, sannan a bar shi a benci. Malam ba ƙiyayya bace, doka ce. Kulob zai iya ɗaukar 'yan ƙasar waje har 8, amma 4 kacal ake bari cikin 11 da za su shiga fili, sauran dole 'yan Indiya, to ka ga ko kowa gwani ne sai wasu sun zauna.

Sai kuma yanayin fili, wanda shi mutane ke mantawa. Lokacin ina karatu a Chennai na shiga kallo a Chepauk, filin gidan kulob ɗin, ko'ina rawaya, launin rigarsu, ga zafi ga gumi, kuma ƙasar wajen ba ta da gudu, ƙwallo na dira sai ta murɗe, shi yasa su Dhoni, wanda ya daɗe yana kyaftin ɗin kulob ɗin, suka fi son masu murza ƙwallo akan masu jifan ƙarfi in dai a gida ake bugawa. Kuma kurket ɗin T20 da ake bugawa a IPL oba 20 ne kawai kowane ɓangare (kowace oba jifa shida ce), babu lokacin gwaji wallahi. Ka jira su fita waje, irin filin Wankhede a Mumbai inda ƙwallo ke tashi, wataƙila ka ga mutumin naka in mai jifan ƙarfi ne.