Tambayi Likita: Ko Zogale Da Shuwaka Na Kare Hantar Mai Shan Giya?

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan hanta suka zo. Na zaɓi huɗu, na kuma sakaya sunayen masu su.

Wata matar aure daga Gombe: Likita, maigidana ya daɗe yana shan giya a ɓoye. Na ji an ce masana sun gano zogale da shuwaka na kare hanta daga illarta, shi ne nake dafa masa ganyen kullum. Ya wadatar?

'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya. Maganar da kika ji tana da tushe. An yi gwaje-gwaje da dama a jami'o'in ƙasar nan a kan zogale, shuwaka, zoɓo da namijin goro. Sai dai ki ji yadda ake yin su. Ɓeraye ake ɗura wa barasa na wasu makonni, a ware wasu a riƙa ba su ruwan ganyen da aka tace aka auna, sannan a ɗebi jininsu a duba ALT da AST, wato sinadaran da ke malalowa cikin jini idan ƙwayoyin hanta sun fashe. Sau da yawa akan tarar waɗanda suka sha ganyen ba su kai sauran ɓarna ba. Dalili kuwa, hanta kan mayar da giya wani sinadari mai dafi da ake kira asetaldehaid, shi ke ƙona ta, ganyayyakin nan kuma na ɗauke da abubuwan da ke rage ƙunar.

To amma ɓera na makonni daban, magidanci mai shekaru yana sha daban. Akwai wani tsiro mai ƙaya da ake tatso maganin silimarin daga cikinsa, ya fi duk waɗannan shan bincike a jikin mutane. Da ƙungiyar Cochrane, mai tantance sakamakon binciken lafiya na duniya, ta tattara gwaje-gwajensa wuri guda, ba ta sami gamsasshiyar hujjar cewa yana rage mutuwar masu ciwon hanta na giya ba. Wanda aka fi bincika ke nan, balle namu da aikinsu bai wuce kan ɓeraye ba sosai.

Abin da ke damuna shi ne kada ganyen ya zame masa lasisi, ya sha da dare, ya kora da zogale da safe, ya ce ai an wanke. Kamar mai watsa ruwa ne a gefen gobara yana ƙara mata fetur ta ɗaya gefen. Giya na cin hanta ne daki-daki: da farko kitse ya taru, daga nan kumburi, a ƙarshe ta tattaure ta cika da tabo. Matakin kitsen kan warke cikin makonni idan an daina sha. Tabon da ya kafu kuwa da wuya ya goge, ko da yake dainawa na tsayar da ɓarnar, tana kuma ƙara kwana. Ki ci gaba da yi masa kwaɗon zogale, abinci ne mai kyau. Amma ki lallaɓa shi, ba da gori ba, ya je a yi masa gwajin jini da hoton ciki.

Wani ɗan acaɓa daga Bauchi: Ni ba na shan giya, sai dai 'yar ledar nan mai ɗaci ta maganin basir da gajiya. Idan kaina ya yi ciwo in sha farasitamol.

Ɗan'uwa, juya ledar ka karanta. Da yawansu giya ce aka jiƙa saiwa a ciki, ƙarfin wasu ya kai kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, alhali giyar kwalba ba ta cika wuce kashi 5 ko 6 ba. Ɗacin ba ya kashe ƙarfinta. Farasitamol ma hanta ce ke sarrafa shi, yawan haɗa su na iya yi mata mummunan lahani. Ga kuma ran fasinja a bayanka.

Wani magidanci daga Kaltungo: Na yi niyyar dainawa, amma duk safiyar da ban sha ba hannuna karkarwa yake. Akwai jiƙon da zai taimaka?

Malam, wannan niyyar ta fi kowane jiƙo, ina taya ka murna. Amma kada ka yanke shan giyar lokaci guda kai kaɗai a ɗaki. Karkarwar alama ce jikinka ya riga ya dogara da ita. Mai irin wannan hali yakan iya faɗuwa da farfaɗiya a kwana na ɗaya ko na biyu, wani kuma ya rikice yana gane-gane a kwana na uku, har akan rasa rai. Je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko babban asibitin da ya fi kusa da kai, ka faɗi gaskiyar yawan abin da kake sha. Za a ba ka maganin da zai sauko da jikin a hankali, da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Sirrinka amana ce a wurinmu.

Wani dattijo daga Azare: Ban taɓa kai giya bakina ba, ga idanuna sun yi rawaya. Ina shan jiƙon rawaya da sassaƙen maɗaci, ba sauƙi.

Baba, ranka ya daɗe, a nan ƙasar tamu ƙwayar cutar hanta nau'in B ta fi giya yi wa mutane ɓarna. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita, akasarinsu ba su sani ba. Sai kuma gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a rumbu, masu ɗauke da gubar afalatoksin. Idan biyun suka haɗu, haɗarin sankarar hanta na ƙaruwa ƙwarai. Ciwon shawara, wato wannan rawayar ido, kan zo kuma daga toshewar hanyar ɗaci.

Don Allah ka jingine jiƙon. Ba a auna shi ba, kuma hantar da ta gaji ce za ta tace shi. A kai ka asibiti a wannan makon. Idan ciki ya kumbura, ko aman jini, ko baƙin bayan gida, ko yawan barci da ruɗewa, to ko da tsakar dare ne a tafi. In gwaji ya nuna nau'in B ne, akwai ƙwayar tenofobir da ke danne cutar, sannan a gwada iyalanka duka, a yi wa waɗanda ba su kamu ba allurar riga-kafi.