Mai ƙaramin albashi zai iya samun tallafin gwamnati?

Ka tambaya ko ma'aikacin da albashinsa bai taka kara ya karya ba ya cancanci tallafi. Yana iya cancanta, domin a yawancin tsare-tsaren abin da ake aunawa shi ne kuɗin da ke shiga gidan gaba ɗaya da yawan bakunan da ake ciyarwa, sannan a duba kadara da ajiyar banki. Shi ya sa albashin da zai hana gwauro shiga tsarin kan bar wa mai 'ya'ya biyar ƙofa a buɗe. Ka tanadi takardar albashi da shaidar haihuwar yara, kuma kada ka ɓoye wata hanyar samun kuɗi, domin idan aka gano, galibi sai ka mayar da abin da ka karɓa.