Ku Tambayi Masaƙa: Saƙar Bango Mai Tsukewa da Huji

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon saƙar hannu irin wadda ake ratayawa a bango don ado. Na fara da faɗin santimita 40, kafin in kai rabi ya koma 34, ga zaren tsaye yana leƙowa ta cikin zanen. Ina matsalar take? (Wata mai karatu)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Matsalolin nan biyu sau da yawa tushensu ɗaya, wato abawar (zaren kwance) da kike zubawa ta yi kaɗan. Abawa ba miƙe take tafiya ba. Hawa take yi kan zare ɗaya ta nutse ƙarƙashin na gaba, don haka tsawon da take ci ya fi faɗin saƙar. In kika ja ta ta miƙe kafin ki buga, daga gefe za ta nemo cikon, sai ta janyo bakin saƙar ciki. A layi ɗaya ba a gani, amma kafin layi ɗari saƙar ta yi ƙugu.

Ki riƙa kwantar da abawar tudu-tudu, kowane tudu faɗinsa kamar yatsu huɗu. Ki danne su da matsefi ɗaya bayan ɗaya, daga gefen da zaren ya shigo zuwa inda ya fita. A wurin juyawa, ki riƙe zaren bakin da yatsu biyu, abawar ta rungume shi ba tare da ta shaƙe shi ba. Duk bayan santimita 2 ko 3 ki ɗora ma'auni, domin ido yana ruɗi. Wurin da ya riga ya tsuke kuwa, ja da jiƙawa ba sa mayar da shi, sai dai ki warware zuwa inda faɗin yake daidai.

Ki kuma duba wadarinki, wato jerin zaren tsaye. Irin wannan saƙa, da abawa ke rufe zaren tsaye ruf, tana son kamar zare 3 a kowace santimita, wato 8 a inci. In suka matsu fiye da haka kuma abawar tana da kauri, ba ta da wurin nutsewa. Kaurin abawa kada ya wuce tazarar da ke tsakanin zare biyu. Zaren tsaye ya zama auduga mai murɗi sosai, ɗaure tamau, kuma in kika shafa tafin hannu a kai kada ki ji wani ya fi wani saki.

Tambaya: Inda launi biyu suka haɗu sai huji ya fito. Na ɓata aikin ke nan? (Wani ɗalibi)

Amsa: Ba ka ɓata ba, Malam. Kowane launi yana juyawa ne a kan zarensa, shi ya sa tsaga ke buɗewa a tsakani. Masu saƙa darduma irin ta kilim a Turkiyya da Iran da gangan suke barin ta, sai dai suna gajarta ta ta hanyar gusar da iyakar launi mataki-mataki. Tsagar da ba ta kai santimita 1 ba ka ƙyale ta. Wadda ta fi haka ka ɗinke ta baya da siririn zare, ko kuma ka riƙa sarƙe abawa biyun da juna a kowane layi. Sarƙewar ta fi ƙarfi, amma iyakar ba ta fita tas, takan yi haƙora-haƙora.

Tambaya: Yaya zan rataye saƙar a bango? (Wata mai karatu)

Amsa: Ban da ƙusa biyu a kusurwa, domin nauyi zai taru a nan, tsakiya ta lotsa. Ki ɗinka aljihun yadi a baya, daga gefe zuwa gefe, ki zura sanda. Ki nisanta ta da tagar da rana ke bugawa, don hasken yana kashe launi yana kuma raunana zare. Gidajen adana kayan tarihi ma a haske mara ƙarfi suke nuna yadi. In na ulu ce, ki riƙa ɗaga ta kina leƙa bayanta, saboda a nan cikin duhu asu yake fara ci.