Amsa ga mai BMW 335i da ta ƙi rabuwa da gareji

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya sa ƙarshen wahalar ke nan.

Na karanta bayaninka. Motar 335i ce ƙirar 2008 da aka shigo da ita daga Amurka, cikin wata takwas sau uku kana kai ta wajen dila. Da safe sai ta daɗe tana gurnani kafin ta tashi, in ka taka ta a babban titi fitilar injin mai ruwan ɗorawa ta kunno, ƙarfi ya zube. An canza fulogi da koyil, an dawo an canza babban famfon mai, yanzu kuma an ce turbo biyun ne. Kana tambaya ka biya ko ka sayar.

Kada ka biya kuɗin turbo tukuna. Turbon wannan mota yana lalacewa, babu musu, amma a duk abin da ka rubuta ban ga inda ka ce an auna wani abu ba. Canji kawai ake yi, kai kuma kana biya. Injin da ke cikin motarka sunansa N54, silinda shida a jere, lita 3, turbo biyu ƙanana, kowanne yana aiki da silinda uku. Cututtukansa sanannu ne, kuma matsalar ita ce uku ko huɗu daga cikinsu alama ɗaya suke nunawa: jijjiga, fitila, faɗuwar ƙarfi. Wanda bai auna ba lalube yake cikin duhu, ko da kuwa ginin garejinsa na gilashi ne.

Abu na farko, ka nemi a ba ka lambobin da kwamfutar motar ta ajiye, a takarda ko a hoto, kafin a goge su. Ƙaramar na'urar sikanin da ake yawo da ita a aljihu ba ta isa ba, a yi da ISTA ko INPA, manhajojin kwamfuta na BMW, su ne ke karanta lambobin BMW na ainihi tare da yanayin da injin yake ciki lokacin da abin ya faru. Lambobin da aka fi gani su ne waɗannan. Daga 29CD zuwa 29D2 misin ne (wato silinda ta kasa ƙona fetur yadda ya kamata) a silinda ta 1 zuwa ta 6, 29CC kuma misin a silinda fiye da ɗaya. 29F2 da 2FBF na matsin fetur ne. 30FF na nufin iskar da turbo ke turawa ba ta kai yadda kwamfuta ta nema ba. 2A82 da 2A87 na VANOS ne, wato tsarin da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul. Ina kyautata zaton 30FF aka gani aka yanke maka hukuncin turbo.

To, 30FF ba ta ce turbo ya mutu ba. Cewa ta yi iska ta gaza, kuma hanyoyin gazawarta suna da yawa, mafi yawansu masu araha. Kowane turbo yana da 'yar ƙofa a ɓangaren salansa wadda ake kira westiget. A wannan injin zuƙar iska ce ke rufe ta, in babu zuƙa a buɗe take zama, turbo ba zai tara ƙarfi ba. Zuƙar tana bi ta wasu siraran tiyo na roba da aka lulluɓe da zare, ta tankuna biyu ƙanana na roba, da solonoid biyu. Motar da ta haura shekara goma sha biyar, ta sha zafin injin ta sha na rana, waɗannan tiyo sun riga sun bushe, wani ma da ka taɓa shi yake karyewa. Mita kaɗan na sabon tiyo ya sha warkar da motar da aka yi wa kuɗin turbo. Bayan su a duba bututun roba mai tauri da ke kai iska bakin totur, yana tsagewa daga inda yake kamawa, da bawul biyu da ke jikinsa, da mahaɗan intakula, wato abin da ke sanyaya iskar da turbo ya turo. Yadda ake ganewa shi ne a toshe hanyar iska a tura hayaƙi ko iska mai ɗan matsi, duk inda ke yoyo zai nuna kansa. Sannan a sa famfon zuƙa na hannu a kan kowace westiget a ga ko sandar tana tafiya sumul, tana rufewa ruf, tana kuma riƙewa. Motar da ba a taɓa kwamfutarta ba matsin da take nema bai wuce kusan 0.6 ba a ma'aunin matsi da ake kira bar, a fita da ita titi da na'ura a haɗe a kwatanta abin da aka nema da abin da aka samu.

Sai an gama duk wannan ake maganar turbo. Alamunsa na gaskiya: ƙarar kacau-kacau daga gefen salansa in an ɗaga ƙafa daga totur ko da sanyin safiya, wadda ke nuna hannun westiget ya ci ya yi lako-lako, shuɗin hayaƙi bayan mota ta daɗe tana silo, ko kuka kamar jiniya in an taka. Ita ƙarar kaɗai ba ta wajabta canji ba matuƙar ƙofar tana rufewa kuma iska na cika. BMW a Amurka ta tsawaita garantin wannan matsala zuwa shekara 8 ko mil 82,000, na babban famfon mai kuma zuwa shekara 10 ko mil 120,000, ta kuma yi kiranyen motoci kusan 130,000 a watan Oktoban 2010 saboda famfon. Garantin nan biyu sun ƙare tuntuni, kuma dama duk wannan na kasuwar Amurka ne, kada wani ya sa maka rai.

Yanzu ga abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayaninka: an canza babban famfon amma har yanzu tana wahalar tashi da safe. Wannan ba aikin turbo ba ne ko kaɗan, turbo ba ruwansa da tashin mota. Fetur a wannan mota hawa biyu yake. Famfon lantarki da ke cikin tanki yana kawo shi da matsin bar 5, babban famfon da ke jikin injin ya ɗaga shi zuwa kusan bar 50 a silo, har zuwa 200 in an matsa. In na cikin tanki ya raunana, ko matatar da ke cikin tankin ta toshe, ko sensan ƙaramin matsi yana ba da labarin ƙarya, sabon babban famfo ma zai yi ta fama, ƙarshe shi ma ya mutu. A duba matsin ƙasa da na sama a na'ura, lokacin tayarwa, a silo, da kuma a guje. Ka kuma tambaya wane famfo aka sa maka. Ɗan Beljiyam a wannan wuri caca ce, domin galibi daga irin motarka aka ciro shi, da irin shekarunta.

In matsin fetur lafiya lau, to idonka ya koma kan nozul. Na N54 irin piyezo ne, suna fesa fetur kai tsaye cikin silinda, kuma in sun tsufa suna ɗiga bayan an kashe mota. Cikin dare fetur ya taru a silinda, da safe ta yi ta kakari, ta tashi da jijjiga da warin ɗanyen mai, bayan minti ɗaya ko biyu ta daidaita. Gwajin ba ya cin ko kwabo: a bar ta ta kwana, da safe kafin a tayar a ciro fulogi shida a jera. Wanda ya fito a jiƙe, baƙi, yana warin fetur, nozul ɗinsa ne. A shinshina baƙin mai ma, in yana warin fetur a juye shi nan take, domin ya tsinke, kuma metal ɗin kiranshaf ne zai lalace. Wajen saye a lura da lamba biyu na ƙarshe a jikin nozul, wato indes. 12 ne na baya-bayan nan. Ana iya haɗa 11 da 12, amma ba a haɗa su da 10 zuwa ƙasa a rukuni ɗaya, silinda 1 zuwa 3 rukuni ne, 4 zuwa 6 wani rukunin. Kowane nozul yana da lambobin awo a jikinsa da dole a shigar wa kwamfuta, kuma dole a sa sabon sil da sabon zoben da yake zama a kai. Nan ne ake yawan yin gyaran gangar Abzinawa: a sa nozul mai tsada ba a shigar da lambarsa ba, mota ta fi da jijjiga. Jabunsu kuma sun cika kasuwa, har kwali da tambari. In ka ji farashi ya yi daɗi fiye da kima, ka bar shi.

Misin kuwa ba ya buƙatar a sayi koyil shida don a gano shi. A ɗauke koyil na silindar da ke kuka a musanya da na maƙwabciyarta, a goge lamba, a zaga. In lambar ta bi koyil, an kama ɓarawo. In ta tsaya, a musanya fulogi. In har yanzu tana nan, saura nozul ko kwamfireshan, wato ƙarfin matse iska a cikin silinda. Fulogin wannan injin sai da siririyar soket 14 mai baki goma sha biyu, ana ɗaure shi da ƙarfin 23 Nm a sifana mai ma'auni, kuma BMW ta sa a canza a mil 45,000. Motar da mai ita na Amurka ya ƙara wa ƙarfi ta kwamfuta tana cin fulogi da koyil fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke shigowa an taɓa su. A duba wannan ma, in an taɓa a mayar da ita yadda kamfani ya yi ta.

Akwai kabon. Tun da fetur ba ya bi ta bayan bawul ɗin shan iska, babu abin da ke wanke su, tururin baƙin mai yana daskarewa a kansu har hanya ta ƙuntata. Maganin da ake zubawa a tanki ba ya isa wurin, asarar kuɗi ce. Sai an cire manifol an kankare, a ƙasashen waje da garin ɓawon walnut ake fesawa. In babu, a yi da hannu da buroshi da ruwan wanke kabon, silinda ɗaya bayan ɗaya, a tabbatar bawul ɗinta a rufe suke. Kada a kuskura a sa yashi. Duk kilomita 60,000 zuwa 80,000 ya kamata a leƙa.

Abu biyu ba ka ambata ba, amma su ne ke kashe injin gaba ɗaya, don haka ka sa a duba tun motar tana gareji. Na farko famfon ruwa. Na lantarki ne, kuma ba ya sallama in zai tafi: fanka ta hau ihu, fitila ɗorawa ta koma ja cikin ɗan lokaci. In ka ga haka ka gangara ka kashe, kada ka ce bari in ƙarasa gida. Lambobinsa 2E81 zuwa 2E85. Ana canza shi tare da tamostat, kuma al'adar nan ta cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi ba ta aiki a nan, domin kwamfuta ce ke sarrafa shi. Ruwan lagireto shuɗi na BMW rabi, tataccen ruwa rabi, ban da ruwan rijiya ko na burtsatse. Fitar da iska daga ruwan lagireto kuma motar ce ke yi da kanta: a haɗa caja a batir, a kunna wuta ba a tayar da injin ba, hita a ƙure zafi, fankarta a mafi ƙanƙanta, a danne totur har ƙasa daƙiƙa 10, famfon zai yi ta aiki kusan minti 12. Na biyu gasket ɗin gidan filtar baƙin mai. In ya fara tsiyaya a kan fanbel yake zuba, bel ya jiƙe ya zame, ya naɗe a bayan fulin kiranshaf, ya kutsa ta sil ɗin gaba ya shige cikin injin. Guntayensa su toshe matsotsar mai. Gasket na kuɗi kaɗan ya jawo sauke injin.

A zafin Kano ko Sakkwato na watan Afrilu, ka riƙa kallon agogon zafin baƙin mai. Digiri 110 zuwa 120 na Celsius daidai ne, in ya doshi 150 motar da kanta za ta rage ƙarfi, kuma wannan ma ana ɗaukarsa a matsayin ciwon turbo. Wasu na farko-farko sun fito babu kular baƙin mai, wato ƙaramin lagireton da ke sanyaya shi, a leƙa bayan bamba ta gaban tayar dama a gani. Juye lita 6.5 ne, mai ɗauke da amincewar BMW ta LL-01, 5W-30 ko 5W-40, kuma a ƙurarmu da go-sulo ni ban yarda a wuce kilomita 7,000 zuwa 8,000 ba, ko me kwamfuta ta ce. Injin an yi shi ne don fetur mai lambar inganci (octane) 95 zuwa 98, mu kuma nau'i ɗaya muke samu, saboda haka ka tsaya a gidan mai ɗaya da ka yarda da shi, ka manta da 'yan bumburutu, kuma kada ka riƙa murƙushe ta da tsakar rana. In an canza batir a yi masa rajista a kwamfuta, raunin batir kaɗai yana zubo lambobin da ba su da tushe.

Game da dila, tsarin aikinsu canza abu sukutum ne, ba su cika kwance shi su gyara ba, shi ya sa tiyon da ya tsage kan koma lissafin turbo biyu. Kana da damar ka ce a nuna maka sakamakon gwajin hayaƙi da na westiget kafin ka sa hannu. A rubuta lambar kowane kaya a rasit, a dawo maka da tsohon da aka cire, a rubuta tsawon garantin kayan da na aikin. Ka kuma yi musu tambaya ɗaya a rubuce: in an canza turbo 30FF ta dawo, wa zai biya? Famfon da suka sa ma, in yana cikin garanti kuma awo ya nuna bai kai ba, su ya kamata su sake shi.

Maganar sayarwa, kwamfireshan ne zai raba gardama. Kiranshaf da kwanrod na wannan injin ƙarfafa ne ƙwarai, abin da ke kewaye da su ne ke ba da wahala. In silinda shida sun fito kusa da juna, babu ruwa a mai, babu mai a ruwa, giya tana shiga lafiya, motar ta cancanci a bi ta a gyara a jere: fetur, wuta, iska, sanyaya, sannan turbo in ya tabbata. In silinda ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, ko an taɓa tuƙa ta da jar fitilar zafi, kada ka ƙara zuba mata kuɗi, ka sayar ka gaya wa mai saye gaskiyar abin da ke ciki.

Ka turo hoton lambobin da matsin fetur na sama da na ƙasa lokacin tashin safe, da hoton fulogi shidan a jere, sai a gaya maka wanda za a fara taɓawa.