Hukuncin Huce Fushi da Gudu da Naushin Buhu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni magidanci ne a Rigasa, shekarata 36, muna sayar da kayan gyaran mota a Panteka ni da yayana. Allah ya jarrabe ni da zafin zuciya, har na taɓa yi wa iyalina saki ɗaya cikin fushi, daga baya na mayar da ita. Tun daga nan na ɗauki wata dabara: da na ji raina ya ɓaci sai in fita in yi ta gudu, Asabar da Lahadi kuma ina zuwa Dandalin Murtala motsa jiki. A bayan ɗakina na rataye buhun yashi. Duk ranar da muka samu saɓani da yayana a shago sai in dawo in yi ta naushin buhun ina ganin kamar fuskarsa ce, har sai na gaji. Wani abokina ɗalibin ilimi ya ce na saɓa wa sunna, domin Annabi (SAW) zama ya ce a yi, bai ce a yi gudu ba, wai neman maganin fushi a wajen abin da ya koyar bidi'a ce. Mene ne gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka. Mutumin da ya gane yana da zafin zuciya har ya tashi neman magani ya riga ya wuce da yawa daga cikinmu, domin galibi mai fushi kowa yake gani da laifi ban da kansa.

Motsa jiki halal ne, babu saɓani a kai, kuma idan aka yi shi da niyyar kame kai daga cutar da mutane ana fatan lada. Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, wannan sananne ne.

Maganar abokinka kuwa tana buƙatar a tsaya a kanta, saboda ba shi kaɗai ke faɗinta ba, na sha jinta a bakin matasa masu kishin sunna. Hujjarsa hadisin Abu Zarri ne da Abu Dawud ya ruwaito, cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, idan fushin bai tafi ba ya kwanta. Hadisin muna aiki da shi. Kuskuren yana wajen kiran abin da kake yi bidi'a. Bidi'a tana shiga ne a abin da ake bauta wa Allah da shi a kan kansa, kamar a ƙirƙiro wata salla ko wani zikiri mai adadi da lokaci a ce addini ne. Kai ba ka ce gudu ibada ce da aka saukar ba, magani ka ɗauke shi, kuma babin magani da al'ada asalinsa halacci ne har sai dalili ya hana. Da za a bi ƙa'idar abokinka, da mai zazzaɓin cizon sauro ya tsaya a kan zuma da habbatus sauda, ya ce allurar asibiti bidi'a ce. Shi kansa ba zai yarda da haka ba ranar da ɗansa ya kwanta.

Sannan malamai sun bayyana dalilin umarnin zama. Imam Khaɗɗabi ya yi bayanin cewa wanda ke tsaye a shirye yake ya kai hannu, na zaune bai kai shi ba, na kwance kuwa ya fi kowa nisa da aikata ɓarna. Ke nan abin da ake nufi shi ne a raba mai fushi da damar cutarwa. Wanda ya bar wurin gaba ɗaya ya cim ma wannan manufa. Kuma muna da misali a gidan Annabi kansa: Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad cewa wani abu ya shiga tsakanin Sayyidina Ali da Nana Faɗima, sai ya fita ya tafi masallaci ya kwanta. Annabi (SAW) ya same shi ƙasa ta taɓa jikinsa, yana share masa yana cewa ya tashi, ya Abu Turab. Bai zarge shi da fita ba. To ina bidi'a a barin gida don kada baki ya furta abin da za a yi nadama? Ka gaya wa abokinka, cikin ladabi, kalmar bidi'a tana da nauyi, ba a jifan Musulmi da ita a kan abin da ba a tantance ba.

Amma yana da rabin gaskiya, kuma ba zan ɓoye maka ba. A daidai lokacin da jini ya hau, zuciya na bugawa, abin da sunna ta koyar ya fi gudu amfani: ka nemi tsari daga Shaiɗan, ka yi shiru, ka zauna, ka yi alwala duk da malamai sun yi magana a kan ingancin hadisinta. A shekarar 2024 masu bincike a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka sun tattara nazarce-nazarce 154 da suka shafi mutum sama da 10,000, suka ga abubuwan da ke kwantar da jiki, irin su jan numfashi a hankali, su ne ke rage fushi, alhali sassarfa a cikin fushi takan ƙara shi ma. Amma wasannin ƙwallo da ake yi da jama'a sun nuna amfani. Saboda haka ka mayar da motsa jikinka abin yau da kullum, bayan Asuba ko da yamma, ko ranka ya ɓaci ko bai ɓaci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar aƙalla minti 150 a mako. Wannan zai gyara maka barci ya rage maka gajiyar rai, kuma mai isasshen barci ba ya saurin hawa.

Yanzu ga wurin da ya fi damuna a tambayarka, wanda kai ka faɗe shi a wuce: ka ce kana ganin fuskar yayanka a jikin buhun. Wannan ne ya canza hukunci. Naushin buhu don ƙarfin jiki babu laifi. Naushinsa kana sawwara fuskar Musulmi, kuma ɗan'uwanka na jini da ya girme ka, wannan ban halatta maka ba, ka daina daga yau. Abin da ya ɗarsu a zuciya ba da son mutum ba an yafe shi. Kai kuwa da kanka kake kirawo hoton, ka tsayar da shi, ka bi shi da hannu, kana maimaitawa duk ranar da kuka saɓa. Wannan renon ƙiyayya ne, kuma an hana mu ƙiyayya da juna. Shari'a ta hana dukan fuska ko a inda aka yarda da duka, shi ya sa majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, da ta zauna a Makka a 1987 ta haramta damben zamani. Kai kuma kullum kana koya wa hannunka hanyar fuskar yayanka. Ina ji maka tsoron ranar da za ku yi sa-in-sa a shago, ga ƙarafa ko'ina, hannun ya tafi inda ya saba. Tun a 2002 wani masani mai suna Brad Bushman ya gwada wannan a kan ɗalibai: waɗanda suka naushi buhu suna tunanin wanda ya ɓata musu rai sun fito da fushi fiye da waɗanda suka zauna ba su yi komai ba. Gajiyar da kake ji bayan naushin ta jiki ce, zuciyar tana nan da kayanta.

Kuma ban ga alamar buhu zai warware abin da ke tsakaninku ba. 'Yan'uwa biyu a shago ɗaya, yawanci rigimarsu a kan kuɗi ce da ba a rubuta ba: wa ya zuba nawa, wa ya ɗauki nawa, wa ke da ta cewa. Ku zauna gaban wani babba da kuke jin nauyinsa, kawu ko limamin unguwa, a rubuta jarin kowa da rabon riba, a sa shaidu. Idan zaman ba zai yiwu ba ku rabu a kasuwanci cikin mutunci, zumunci ya tsira.

Game da iyalinka, ka tuna saura igiya biyu. A mazhabar Malikiyya sakin mai fushi yana aukuwa muddin yana cikin hankalinsa, kada wani ya ruɗe ka. Idan za ka fita don ka huce, ka gaya mata tun kuna zaman lafiya cewa haka za ka riƙa yi, kuma za ka dawo ku yi magana. Mace da miji ya buga ƙofa ya fita cikin dare ba ta san inda ya nufa ba, ba ƙaramin tashin hankali take shiga ba. Ka kuma kiyaye gudun dare a lungunan da babu haske.

A Dandalin Murtala ka sa wandon da ya rufe gwiwa, ka kame idonka domin wuri ne na maza da mata, kada wasa ya ci maka sallar Magariba. Ka je a duba maka hawan jini. Idan kuma fushin ya kai kana fasa kaya, ko ka kai hannu ga iyali ko yara, ko ka yi abu ka kasa tuna shi, ka tafi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ka ga likita, ba abin kunya ba ne, ka haɗa da addu'a.

Buhun kuwa, idan ka san ba za ka iya naushinsa ba tare da fuskar ta dawo ba, ka sauke shi ka ba wani.

Wallahu a'alam.