Abin Taɓawa Mai Gishiri Da Za A Yi Da Yaro

Tambaya: Ɗana mai shekara 6 yana son taya ni girki. Wane abin taɓawa mai gishiri za mu iya yi tare? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, ki fara da gyaɗa. Ki bar shi ya tsince ta, ya yayyafa mata ruwan gishiri, ku shanya, sannan ke ki soya ta cikin yashi mai zafi har ɓawonta ya riƙa murjewa tsakanin yatsu. Gugguru ma ba shi da wuya, sai dai a rufe tukunya. Idan ƙuli-ƙuli ne, mulmula tunkuza aikinsa ne, suya kuwa taki ce. Kada a bai wa yaron da bai kai shekara 4 ba gyaɗa ko gugguru, domin suna iya shaƙe shi.